Injin da ke mutuwa bayan minti ɗaya da rabi: yadda aka gano cutar wata tsohuwar Peugeot 504 a Kano

Motar da mai ita

Motar da ake magana a kanta Peugeot 504 ce salun, wadda mutanenmu suka fi sani da Fijo, daga cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, inda aka fara haɗa motocin Peugeot tun 1975. Faransa ce ta fara fito da samfurin a 1968, kuma ya daɗe a hanyoyin Arewa fiye da yawancin tsararrakinsa, saboda injinsa ba ya ɓoye wa bakanike komai. Injin mai silinda 4 ne, girmansa ya kusa lita 2, yana kwance a karkace cikin bonet. Ba shi da kwamfuta ko na'urar da za a jona ta faɗi inda ciwo yake. Kafireta ce ke gauraya fetur da iska, famfon mai kuwa a jikin injin yake, juyawar injin ce ke motsa shi, wuta kuma tana fitowa daga koyil ta bi ta distiributa mai kwantak da kwandansa zuwa fulogai.

Mai motar tsohon malamin makarantar sakandare ne da ya yi ritaya, yana zaune a wata unguwa a cikin birnin Kano. Ya mallake ta sama da shekara 25, kuma makwabtansa sun shaide shi da kula da ita: ba ya wuce lokacin juyen baƙin mai, ba ya barin lagireto ba ruwa, ba ya ba yara aronta. Ni makwabcinsa ne, na kuma halarci yawancin abin da zan bayyana, sauran kuwa daga bakinsa da bakin kanikawan na ji.

Yuni zuwa Nuwamba 2023: zaman motar

A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur a Nijeriya, cikin kwanaki kaɗan litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500. Kuɗin fansho bai iya ɗaukar wannan ba, sai Malam ya shigar da motar ƙarƙashin wata rumfar kwano da ke zauren gidansa, ya cire kan batir, ya lulluɓe ta da tamfol, ya koma hawa Adaidaita Sahu. A lokacin allurar mai tana ƙasa da kwata, wato abin da ke cikin tankin bai fi lita 8 ba, a tankin da ke cin sama da lita 50.

Haka motar ta zauna damina ta sauka a kanta ta ɗauke. Ba a tayar da ita ko sau ɗaya ba har kusan wata 6. Akwai kuma wani abu da ba wanda ya tuna da shi sai daga baya: shekarun baya wani bakanike ya cire ƙaramar filtar mai da ke kan hanyar famfo saboda ta tsage, ya haɗa tiyon kai tsaye da niyyar a sayo wata, ba a kuma sayo ba.

25 ga Nuwamba: ranar da abin ya bayyana

An sa ɗaurin auren ɗan ƙanin Malam a Gaya a tsakiyar Disamba, shi ya sa ya yanke shawarar farfaɗo da motar. Ya kai batir caji, ya sayo fetur galan ɗaya a hannun 'yan bumburutu ya zuba, ya ja cok, ya murɗa makulli. Bayan kik na uku injin ya kama, ya yi ta aiki sumul har Malam ya fara goge gilashi. Can sai sautin ya canza, injin ya fara tari yana karkarwa, ya taka totur bai amsa ba, sannan ya mutu a hankali kamar fitilar da kananzirinta ya ƙare.

Ya sake murɗawa nan take, kik yana juyawa da ƙarfi amma injin bai kama ba. Ya shiga gida ya sha shayi, da ya fito bayan kimanin minti 10 sai motar ta tashi da kik ɗaya, ta yi aiki na ɗan lokaci, ta sake mutuwa yadda ta yi da farko. A ranar ya maimaita haka sau 5, sakamakon bai canza ba. Ba hayaƙi baƙi daga salansa, ba warin ɗanyen fetur, fitilar baƙin mai ba ta kama ba sai bayan injin ya tsaya, allurar zafi kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Makon farko: zargin wuta

Bakanike na farko shi ne wanda ya saba duba motar a garejin bakin titin unguwar. Da ya ji bayani sai ya ce, "Malam, sanyi ne da zama, mota ba ta son zama." Hunturu ya riga ya shigo, maganar kuwa tana da kan gado, domin injin mai kafireta yakan yi gardama da asuba a lokacin sanyi. Ya gyara wayar cok wadda ta ɗan saki, ya ƙara silo, wato gudun injin idan ba a taka totur ba, ta hanyar murɗa sukurun totur. Motar ta tashi da ƙara fiye da da, ta kuma mutu, har ma da ɗan sauri fiye da ranar farko.

Washegari ya kwance fulogai 4. Dukkansu a bushe suke, bakinsu fari-fari, ba jiƙa ba baƙin toka. Ya ce sun tsufa, aka aika yaro Ƙofar Ruwa ya sayo sababbi. Daga nan aka canza kwantak aka daidaita tazararsa a kan milimita 0.4, aka sa sabuwar kwandansa. Da abin ya ƙi, aka kira rewaya, shi kuma ya taɓa koyil ya ce tana ɗaukar zafi, aka sayo sabuwa. Kowane canji ana yin sa ne da safe, a tayar da mota ta kama nan da nan, a yi murna, kafin a gama tattara sifanu ta mutu.

A duk tsawon makon ba a yi gwajin da ya fi kowanne sauƙi ba, wato a zare wayar fulogi ɗaya a daidai lokacin da injin ya mutu, a kusanta ta da jikin ƙarfe, a murɗa kik a ga ko tartsatsi yana fita. An yi wannan gwajin sau ɗaya, amma da safe kafin a tayar da injin, lokacin da motar ba ta da wata matsala.

Mako na biyu: kafireta da famfon mai

Ranar Litinin 4 ga Disamba aka juya zuwa ɓangaren mai. Bakaniken ya sauke kafireta ya wargaza ta a kan tire. A ƙasan ɗan kwanon da fetur ke taruwa a ciki, inda fulot yake, wato abin da ke tasowa a kan mai ya rufe shigarsa idan kwanon ya cika, an sami wani gari ja-ja mai kama da garin bulo, wanda ya kwanta kamar dabe. Ya wanke shi da fetur, ya busa jet-jet ɗin, wato ƙananan ramukan da fetur ke bi, da baki da kuma famfon taya, ya duba allurar fulot ya ga tana rufewa, ya mayar da komai. Garin da aka wanke ya bi ƙasar gareji, ba a yi maganar inda ya fito ba.

Motar ta yi aiki da kyau fiye da kowane lokaci, silo ya daidaita, sautin ya yi laushi, sannan ta mutu a kan ƙa'idarta. A nan ne bakaniken ya buɗe saman kafireta bayan mutuwar injin ya ga kwanon kusan a bushe yake. Wannan shi ne abu na farko mai amfani da aka gano cikin kwana 10, ya kuma fassara shi da cewa famfon mai ya gaji, fatar da ke cikinsa ta saki saboda zama. Aka sayo sabon famfo aka ɗaura. Bai canza komai ba.

Daga nan shawarwari suka yi yawa. Wani ya ce a cire famfon injin a sa na lantarki. Wani ya ce bawul ne suka ƙone, sai an buɗe kan injin. Wani dillali da ya ji labari ya zo har gida ya yi tayin motar a farashin ƙarfe. Malam ya gaya mini a daren cewa abin da ya kashe a kayan gyara ya kusa cinye fanshon wata, kuma ya fara tunanin karɓar tayin.

11 ga Disamba: agogo da galan

Bakanike na biyu dattijo ne da ya yi shekaru yana gyaran Fijo ta haya, irin wagon ɗin da ke jigila tsakanin Kano da Jos da Maiduguri. Wani tsohon ɗalibin Malam ne ya kawo shi. Bai zo da kayan aiki masu yawa ba, kuma bai taɓa komai ba da farko. Ya ce, "Malam, tayar da ita, ka ba ni agogonka."

Karo na farko, a silo, injin ya yi daƙiƙa 95 ya mutu. Aka jira minti 10, karo na biyu ya yi daƙiƙa 88. Karo na uku ya sa Malam ya danne totur zuwa rabi, injin ya yi daƙiƙa 35 kacal. Karo na huɗu ba a jira minti 10 ba, minti 3 aka yi, injin ya kama da ƙyar ya mutu kafin daƙiƙa 20. A daidai wannan mutuwar ya zare wayar fulogi ya gwada, tartsatsi shuɗi ya fita da ƙarfi har ana jin ƙararsa. Ya taɓa koyil, ɗumi kawai ta yi.

Sai ya sa yaronsa ya kawo bokitin yashi ya ajiye kusa, ya hana kowa kunna taba, ya cire tiyon da ke shiga kafireta ya toshe na famfo, ya jona wani tiyo daga galan mai tsabtataccen fetur, yaron ya ɗaga galan ɗin sama da bonet. Injin ya tashi ya yi minti 15 ba tari ba karkarwa, sai da aka kashe shi da makulli. Daga nan ya mayar da tiyon famfo kan kafireta, ya ajiye galan a ƙasa, ya jona shi da bakin famfo na shiga, yadda famfon zai zuƙo daga galan maimakon tanki. Nan ma injin ya yi minti 15. Don ya gamsar da Malam, ya ɗaura tsohon famfon da aka cire ya maimaita, tsohon ma ya yi aiki daidai da sabon.

Gwaji na gaba shi ne ya fi ba ni sha'awa. Ya mayar da layin tanki kan famfo, ya saka bakin tiyon fita cikin farar kwalba, injin kuwa yana shan mai daga galan na sama. Da farko fetur ya riƙa fesowa cikin kwalbar da ƙarfi, bugu bayan bugu, kafin rabin minti ya koma tsiyaya, sannan ɗigo, sannan kumfa kawai. Da aka ɗaga kwalbar a rana, sai ga ɓarɓashi ja yana yawo, a ƙasa kuma wani siririn layi na ruwa ya kwanta daban da fetur. Dattijon ya buɗe murfin tanki, ya hura iska ta layin zuwa baya da famfon taya. Iskar ta tsaya, ya ƙara matsawa, sai aka ji wani abu ya sake, tankin ya yi ɓulɓul. Bayan wannan injin ya yi minti 6 da man tankinsa kafin ya mutu. Ya dubi Malam ya ce, "Ciwon yana baya, mu kuma gaba muke ta yi wa allura."

12 zuwa 14 ga Disamba: sauke tanki

An tsiyaye abin da ke cikin tankin a daro, ya fito launin shayi, yana warin tsohon fenti, alamar fetur da ya daɗe har sassansa masu saurin tashi suka ƙafe. Da aka sauke tankin aka haska tocila, rufinsa na ciki da bangonsa daga inda mai ya tsaya zuwa sama duk sun yi tsatsa, tana ɓarewa falle-falle. A ƙasa an kwashe abin da ya kai cikin tafin hannu biyu na tsatsa da laka. Rariyar da ke bakin bututun zuƙo mai ta rufe kusan gaba ɗaya, sai 'yar kafa kamar kan allura.

Aka zuba tsakuwa da tsofaffin notoci da ɗan kananzir, mutum biyu suka riƙa girgiza tankin suna juya shi, ana zubarwa ana sakewa har sau 4, sai da abin da ke fita ya yi haske. Aka ɗauraye, aka kife shi a rana yini biyu. An sami wuri ɗaya a kusurwa da ya yi siriri yana naso, kuma dattijon ya ƙi yarda mai walda ya kusanto da wuta sai da aka wanke tankin da omo aka cika shi da ruwa, domin tankin da babu fetur a ciki amma akwai tururinsa ya fi cikakke haɗari. Aka wanke rariyar, aka busa bututun ƙarfe da ke bin ƙarƙashin mota, aka canza gajerun tiyon roba guda 2 da suka tsattsage, aka kuma mayar da filta mai farin jiki kafin famfo, irin wadda ake ganin cikinta. An sake wanke kwanon kafireta, an mayar da silo yadda yake tun asali.

Da yammacin Alhamis 14 ga wata aka zuba lita 10 daga gidan mai. Injin ya yi minti 40 a tsaye, aka zaga unguwa da shi, bai yi ko tari ba.

16 ga Disamba: hanyar Wudil

Ranar Asabar da safe babban ɗan Malam ya cika tankin har wuya saboda tafiyar Gaya. Sun fita Kano lafiya, amma bayan kimanin kilomita 20 a kan hanyar Wudil injin ya fara tari irin na da, ƙarfinsa ya ragu, ya mutu a gefen titi. Filtar da aka sa tana nan fes, ba tsatsa a ciki, sai dai kusan babu mai a cikinta. Malam ya kira dattijon a waya, shi kuwa tambaya ɗaya ya yi: "Mai nawa kuka sha?" Da aka ce masa an cika, sai ya ce a buɗe murfin tanki a kasa kunne.

Murfin ya yi tauri, da ya buɗe sai aka ji doguwar shaƙar iska zuwa ciki, tankin ma ya yi ƙara kamar an saki gwangwanin da aka matse. Motar ta tashi bayan kik biyu. Suka ƙarasa Gaya suka dawo da murfin a sassauce, an ɗaure shi da tsumma don kada ya faɗi. Washegari aka bi siririn bututun da tankin ke shaƙar iska ta cikinsa, kusa da wuyan zuba mai, aka tarar zanzaro ya yi gini a bakinsa, laka ta bushe ta toshe shi kamar an yi da gangan. Waya aka zura aka fasa ginin, aikin bai kai minti 5 ba. Tun daga ranar motar ba ta sake mutuwa a hanya ba, sai dai an canza filtar sau 2 a watanni ukun farko, saboda ragowar tsatsar da tsakuwa ba ta kai gare ta ba.

Abin da ya jawo, da dalilin da gyaran farko ya gaza

Cuta biyu ce, kuma zaman damina ne ya haifar da dukkansu. Tankin da ba shi da mai sosai cike yake da iska, iskar damina kuwa tana ɗauke da laima, wadda ke zama raɓa a jikin ƙarfe idan dare ya yi sanyi, ta gangara ƙarƙashin fetur domin ruwa ya fi shi nauyi. Wata 6 na wannan ya isa ya cinye cikin tankin da ya riga ya tsufa. Idan injin yana tsaye, tsatsar da ta manne a rariya takan saki, mai ya ɗan ratsa cikin bututu, kik ya tura shi ya cika kwanon kafireta. Da injin ya tashi, zuƙar famfo takan janyo tsatsar ta sake rufe rariyar, sai injin ya rayu da abin da ke cikin kwanon kawai, wanda bai kai rabin kofin shayi ba. Daƙiƙa 90 ɗin nan tsawon ran wannan kwanon ne. Shi ya sa taka totur ya rage lokacin, shi ya sa kuma ƙara silo da aka yi a makon farko ya sa motar ta fi saurin mutuwa.

Toshewar bututun iska ta ɓuya ne a bayan ta farko. Da lita 10 a tanki, sauran sararin duk iska ce, ɗan man da injin ya sha bai isa ya rage matsinta ba. Da aka cika tankin, iskar da ta rage kaɗan ce, lita 2 da aka ƙona a hanya ta isa ta sa tankin ya riƙa ja baya da ƙarfin da famfon ba zai iya rinjaya ba.

A ganina bakanike na farko ba jahilin aiki ba ne, kuma duk abin da ya taɓa yana iya kashe injin. Kuskurensa shi ne bai bambanta irin mutuwar ba. Koyil ko kwandansa mai rauni sai ta yi zafi take yankewa, galibi bayan tafiya mai ɗan tsawo, kuma injin yakan ɗauke ne farat ɗaya kamar an kashe makulli. Jet ɗin silo idan ya toshe, mota tana mutuwa ne da an ɗaga ƙafa, amma tana rayuwa muddin ana taka totur. Kafiretar da mai ya yi wa yawa tana jiƙa fulogi ta fitar da baƙin hayaƙi. Wannan motar ba ta nuna ko ɗaya daga cikinsu ba, ta nuna busassun fulogai, da tari kafin mutuwa, da jan gari a cikin kafireta, kuma ya ga duka ukun da idonsa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jan garin, domin tun ranar 4 ga Disamba tsatsar ta kawo kanta har tafin hannunsa, kuma babu wani wuri a hanyar mai da zai iya samar da tsatsa mai yawa haka in ba tanki ba.

Shi ma dattijon yana da nasa: ya sauke tanki ya mayar bai busa bututun iska ba, kuma da kansa ya faɗi haka ranar da aka fasa ginin zanzaron. Fulogai da kwantak dama lokacin canza su ya yi, ba a yi asararsu ba. Koyil da kwandansa da famfon da aka cire kuwa lafiyarsu ƙalau, suna cikin wani kwali a but ɗin motar, Malam ya ce zai riƙa tafiya da su saboda hanya.